Layin da Yatsanka Ya Rufe

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, abinci ne dai ba ya shiga kwana biyu.

Hoton takardar gwajin Inna ya iso. Shekara uku ke nan ina bincike kan wata ƙwayar halittar gado. Ita ke gina jariri a ciki, sannan ta kwanta. In ta farka a jikin babba, ciwon daji yakan yi saurin yaɗuwa. Layin ƙarshe ne ke faɗin ko ta farka, kuma daidai nan yatsanka ya rufe.

Na san ka, ba kuskure ba ne. Allah ya ba Inna lafiya. Ka sake ɗauka yau, ka ɗage yatsan nan, Yaya. Ni ma ita ta haife ni.

Ƙanwarka