Ɗan Yaya

Kwaya, tsakiyar watan Sha'aban

Zuwa ga ɗan Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ɗinki, yaya zafin Yamai, yaya kuma wannan hali da muka tsinci kanmu a ciki? Ina fatan kana lafiya lau.

Kada ka yi mamakin ganin rubutuna. Innarka Gaji ce ta sa ni, ni hannu kawai na ara mata. Ka san kunnen yayar tawa. In ka kira a salula sai ta yi ta "madalla, madalla" ba ta ji ko kalma ɗaya ba, kana kashewa ta juyo ta tambaye ni me ka ce. Shi ya sa ta ce in tono bokona na yaƙi da jahilci kafin gara ta cinye shi. Alkasim direban kamyon wake zai kawo maka, tunda an ce masu kaya kaɗai ake bari su shiga Yamai.

Ƙyallayen rufe baki da ka ɗinka sun iso. Nata ta ƙulle goro a ciki, wai atamfar ta fi ƙarfin hancinta. Nawa ina sawa, har matan bakin rijiya sun raɗa mini suna Likita. Su yi ta dariyarsu, ba su da kowa a Yamai.

Nan ma abin ya taɓa mu. An rufe masallaci, Juma'a ta zo ta wuce kamar Talata. Lakwal a kulle, yara ba karatu, iyaka a rufe, kasuwar Magariya ba ta cika kamar da. Ƙafafun Yaya sun ɗan kumbura, kuma tana haki in ta zagaya ta dawo. Ta hana ni rubuta wannan, ga shi na rubuta.

Radiyo ya ce cutar nan ta korona ta fi yi wa masu ciwon ƙirji illa. Innarka ta ce in tambaye ka fukar nan taka, tana tashi? Abin shaƙarka bai ƙare ba? Ta ce ka daina barin mutane suna cika maka shago, duk mai son awo ya tsaya daga bakin ƙofa. Ta ce kada ka yi wanka da ruwan randa da asuba, ka san ba ya yi maka.

Allah ya tsare, ya yaye mana. Ka gaida abokan zamanka.

Inna Ƙarama,
Tabawa

Kwaya, farkon watan azumi

Zuwa ga ɗan Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, barka da shan ruwa, yaya ibada? Amsarka ta iso, na karanta wa Yaya a bakin kunne har muryata ta dishe.

Jikin nata ya yi tsanani. Mun ɗora ta a amalanke zuwa bakin hanya, muka kai ta likita a Magariya. Sun ce ba korona ba ce, zuciya ce ta gaji. Sun ba da magani muka dawo. Ba ta iya kwanciya, a jingine take barci.

Ga saƙonta, amana ce, zan faɗa yadda ta faɗa. Ta ce ka zo. Ta ce ba ta jin za ta ga salla, kuma tana so ta ɗora hannu a kanka. Na kuma ji daga bakin Alkasim cewa ka shirya da wani ɗan kabu-kabu ya fitar da kai ta daji, ku kauce wa jandarmomi, daga nan ka yi ta canjin mota har Damagaram.

Saƙonta ya ƙare. Yanzu ga nawa.

Tambayar fuka da ke cikin waccan takarda, ba Yaya ta yi ta ba, ni ce. Kai ne ɗan farina. Ranar da aka yaye ka na miƙa ka ga Yaya saboda Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma haka ake yi. Tun daga ranar ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa ɗora ka a cinya a gaban mutane ba. An yabe ni, an ce Tabawa mai kunya. To, mai kunyar nan, duk lokacin da fuka ta taso maka kana ƙarami, a bayan dangar Yaya take tsayawa tana jin numfashinka yana kuka kamar ƙofar langa-langa, ba ta da bakin tambaya.

Tun da aka rufe Yamai ban san daɗin abinci ba. Ana kiran a sha ruwa, in kai koko baki in mayar in ajiye. In radiyo ya fara lissafin waɗanda suka kamu sai in kashe, in sake kunnawa. Na ɓare gyaɗar iri duka, tawa da ta maƙwabta, don kawai hannuna ya sami abin yi. Na ja carbi har zarensa ya tsinke. Tsoro nake ji, tsoron da ban taɓa ji ba. Ina ganinka a cushe cikin mota da mutane masu tari, ga ƙura, ga azumi, ga ƙirjin nan naka.

Ban taɓa yi maka magana da bakin uwa ba. Yau zan yi, kuma na san nauyinta. Kada ka zo. In ka kama hanyar nan kafin a buɗe ta, ban yafe maka ba.

Allah ya yi maka albarka.

Tabawa

Kwaya, bayan ƙaramar salla

Hafiz,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan ka koma lafiya. Yaya gajiyar hanya, yaya kuma haƙuri?

Ka zo ka tafi ba mu yi magana ba, shi ya sa na koma ga takarda. Ba ka tambaye ni yadda ta cika ba, amma haƙƙinka ne ka sani.

Kullum sai ta tambaya ko ka taso. Da farko ina ce mata hanya ce a rufe. Da na ga tana kasa kunne ga kowane babur da ya wuce, ita da ba ta jin kiran salla, sai na kasa ɓoye mata. Na matsa bakin kunnenta na gaya mata ni na hana ka, da irin kalmar da na hana ka da ita. Sannan ta ce ashe aro na ba ta, ita duk shekarun nan ta ɗauka kyauta ce. Ba ta ƙara yi mini wata magana mai tsawo ba. Ruwa dai tana karɓa daga hannuna, kuma a jikina ta jingina ranar da ta tafi, da hantsi. Ni na yi mata wanka. Ba a yi mako ba aka buɗe Yamai.

Da na san kwanakin da suka rage kaɗan ne, da na san hanyar za ta buɗe, ban san me zan yi ba. Ban sani ba a lokacin, kuma ba wanda ya sani.

Na ga zuwanka. Daga mota maƙabarta ka wuce. Tuwon da na aika maka ya dawo da murfinsa, a gidan liman ka ci. Da masu ta'aziyya suka taru a ƙofar gida na ji ka ce yau ka zama maraya. Mutane suka ce Allah sarki. Ni ma na ce Allah sarki tare da su, ina riƙe da kwanon ruwan da na kawo musu. Ba wanda ya yi mini gaisuwa sai ta rashin yaya, kuma daidai ne, ita suka san na rasa.

Kalmar nan da na ɗaure ka da ita na janye ta. Na yafe maka duniya da lahira, da ma ba ka yi mini komai ba. Ni ba zan ce ka yafe mini ba, domin neman gafara sai wanda ya yi nadama. Zuciyata ta karye a kan Yaya, har in mutu maganarta ba za ta bar kunnena ba. Amma ranar da za ka koma na leƙa ta danga, na gan ka kana tafiya da ƙafarka, kana numfashi ba haki. Da za a maimaita, zan sake hana ka.

In ba za ka amsa wannan ba, ba komai, na saba da shiru tsakanina da kai. Abu ɗaya nake roƙo. In Alkasim ya zo Yamai kada ka ɓuya masa. Ka bari ya gan ka ko daga nesa ne, ya zo ya ce mini kana lafiya.

Allah ya jiƙan Innarka, ya sa ta huta. Ka huta lafiya.

Wadda ta haife ka,
Tabawa