Rabin Albasa a Kwandon Shara

Zuwa ga Sora Clelia,

Ina roƙonki ki taimake ni da shawara kafin Lahadin ƙarshen wata, domin na kai matsayin da ba na iya zama a teburin gidana ba tare da ina bin fuskokin mutane da kallo ɗaya bayan ɗaya ba. Na san masu rubuto miki da manyan matsaloli suke zuwa, na mutuwar aure da na rashin lafiya, har ina jin nauyin in ce tawa a kan carbonara ce, girkin taliyar nan na mutanen Roma. Amma ki daure ki karanta har ƙarshe.

Ni ba haifaffen Roma ba ne. Daga Cuneo na zo, can arewacin Italiya, tun ina saurayi, na kama aikin duba sikelin 'yan kasuwa, wanda nake yi har yau. A kasuwar Testaccio na haɗu da matata Ornella. Danginta sun karɓe ni, ba zan yi musu ƙarya ba, sai dai tun ranar farko ƙaninta Settimio ya raɗa mini suna Mai Man Shanu, wai mu mutanen arewa ko ruwa za mu sha sai mun jefa masa man shanu. Sama da shekara ashirin ke nan sunan bai sake ni ba. Har 'ya'yansa da shi suke kirana, illa dai su sa Kawu a gaba.

Ni mutum ne da ba ya son a same shi da kuskure. Saboda haka na sayi duk wata ƙasida da masu sayar da jarida ke ratayewa a kan girkin Roma, na karance su kamar mai shirin jarrabawa. Bakinsu ɗaya: carbonara ta gaskiya abu biyar ce, wato taliya, gwaiduwar ƙwai, naman kumatun alade, cukun tumaki da masoro. Ba kirim ɗin madara, ba albasa, ba tafarnuwa. Ɗaya daga cikinsu ma cewa ta yi duk wanda ya ƙara na shida ya ci amanar birni. A kan wannan na tsaya, ban taɓa kaucewa ba. Ko da Duilio, saurayin 'yata Flaminia, ya girka mana tasa da koren wake a ciki, wai shi gwaninta, na ɗauko ƙasidar na karanta masa sakin layin da ya shafe shi, cikin ladabi a ganina. Bai sake hawowa gidan ba, a ƙofar bene yake jiranta, ita kuma gaisuwa kawai ke haɗa mu yanzu.

To, a danginmu carbonara ɗaya ce ake gwada sauran da ita, ta surukata Sora Iolanda, Allah ya ji ƙanta. Tata tana da wani ɗan zaƙi-zaƙi da ke tsayawa a bayan harshe, wanda na yi shekaru ina nema ban samu ba. Na canza mahauci, na canza cuku, na sayi tsohon kasko irin nata, duk a banza. Ba wanda ya taɓa ganin yadda take yi, domin da an zo suyar nama sai ta kori kowa daga kicin, tana cewa, "Ku fice mini, ba kallon wasa kuka zo ba," ta turo ƙofa. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na tambaye ta sirrin. Ta ja kumatuna ta ce, "Ɗana, ci gaba da karatu."

Bara ta rasu. 'Ya'yanta uku suka yanke cewa ran da ta cika shekara, wato Lahadin ƙarshen watan nan, in an taso daga coci, za a yi abincin rana a gidanta, da dangi da tsofaffin maƙwabtanta har da mahaucinta, kuma ni ne zan girka carbonarar, a kaskonta. Da Ornella ta gaya mini, sai da na shiga ɗaki na share ido. Na ɗauka na zama ɗan gida ke nan.

Sai ga abin da ya biyo baya. Wata Lahadi a cikin watan nan suna gidana, na girka musu carbonara, Settimio ya cinye rabonsa, ya suɗe faranti da burodi, ya jingina ya ce, "Mai Man Shanu, wallahi ta yi daɗi, amma ka manta da albasar Mama." Tebur ya kwashe da dariya. Babbar yayarsu Nazzarena ta toshe baki da tsumman hannu tana cewa, "Kai Settimio, Allah ya shirye ka, za ka kashe bawan Allah." Shi kuwa ko a jikinsa, ya ci gaba: "Rabi fa, ba duka ba. A jefa a mai, a tsame kafin maƙwabta su ji ƙamshi, a binne ta a ƙasan shara kamar an yi kisan kai." Ornella ta yi dariya har da hawaye, amma ba ta yarda mun haɗa ido ba, kuma na ga mayafin tebur ya motsa. Haurin Settimio ta yi ta ƙarƙashin tebur, na tabbata.

Matsalar ita ce wannan mutumin bai taɓa faɗin magana ɗaya ba tare da wasa a ciki ba. Ya taɓa rantse mini cewa a unguwar Garbatella da abarba ake yin carbonara, na kuwa je na tambaya, aka yi mini dariya a shago. A ranar haihuwata kwalin kirim ya aiko mini, an ɗaure shi da jan ƙyalle. Ta yaya zan gane ran da yake faɗin gaskiya?

Na auna maganar ta kowace fuska, ban ga inda zan tsira ba. In tarko ne, so suke in jefa albasa a gaban mutanen unguwa, a gidan marigayiya, Mai Man Shanu ya koma Mai Albasa har in mutu. In kuwa gaskiya ce, to duk tsawon shekarun nan sun sani, har matar da muke kwana ɗaki ɗaya, suna kallona ina karanto musu ƙasidu a kan tebur, suna jira in juya baya su yi dariya. Kuma da wane ido zan kalli Duilio? Ban san wanne ya fi ci mini rai ba.

Ga abin da ya ƙara rikita ni. Na fara sansana katakon yanka in Ornella ta fita, ina kuma leƙa kwandon shara. Ranar Laraba na dawo da wuri, na tarar da ƙofar kicin a rufe, abin da ba ta saba yi ba, gidan kuma yana ƙamshin suyar nama. Da ta fito na duba kwandon. Can ƙasa, a naɗe cikin takardar mahauci, ga rabin albasa, ta yi ja, tana naso da mai. Na tambaye ta, ta ce ta miyar jiya ce. Sora Clelia, wa ke sa albasa a miya bai yanka ba? Na kusa yarda cewa na kama gaskiya, sai wani tunanin ya zo mini: ta san ina duba sharar. Me zai hana a ce da gangan ta ajiye don in gani, ita da ƙaninta sun haɗa baki?

Na yi tunanin in ce ba ni da lafiya ran taron. Na yi tunanin in yi tukunya biyu, amma hakan tona wa kaina asiri ne. In sa, ko kada in sa? Kuma matata, tare take da ni ko tare da su?

Mai Duba Sikeli, Testaccio

Ya kai Mai Duba Sikeli,

Da farko, ka rabu da kwandon shara. Mutumin da ya fara binciken matarsa a cikin ɓawon ƙwai, abin da zai rasa ya fi girki.

Ban ci girkin Sora Iolanda ba, don haka ba zan rantse maka ba. Amma kakata tafarnuwa take jefawa ta tsame, kuma da za ka faɗa a gaban maƙwabta sai ta ce ƙazafi ka yi mata. Matan zamaninsu da abin da ke gida suke girki, ƙasidu daga baya suka zo. Maganar albasar tana iya zama gaskiya, tana kuma iya zama shaƙiyancin Settimio. Wannan mai sauƙi ne: ka gwada a tsakiyar mako, kai kaɗai. Harshen da ya yi shekaru yana neman wancan zaƙin zai gane shi in ya zo.

Kana da gaskiya da ka ji ciwo. Wasan ƙanin mata daɗinsa a yi dariya tare, in ɗaya ne kullum ke dariya to ya yi yawa, kuma ya kamata Ornella ta lura tuntuni. Amma batun tarko, ka cire shi daga ranka. Ba wanda ke mai da ranar tunawa da mahaifiyarsa dandalin wulaƙanta suruki. 'Ya'ya uku ta bari, duk a bakin ƙofar kicin ɗin nan suka girma, suka tsallake kansu suka miƙa maka kaskonta. Ka dubi wannan kafin ka dubi abin da bakin Settimio ya faɗa.

In kuwa albasar gaskiya ce, sirrin mahaifiyarsu suka riƙe, kuma su ma korarsu take yi ta rufe ƙofa. Tsoron bakin unguwa take ji, irin wanda kake ji yanzu. Mutanenmu ba su iya miƙa abu mai nauyi da fuska a ɗaure ba, sai sun naɗe shi da wasa don kada su yi kuka. Ka tabbata hawayen Ornella ran nan na dariya ne? Ka tabbata don ta yaudare ka ta rufe ƙofa ranar Laraba, ba don tana kewar ɗanɗanon hannun mahaifiyarta ba?

Ka zauna da ita, ku biyu. Kada ka tuhume ta a kan albasa. Ka gaya mata cewa har yau kana jin kamar baƙo a teburinsu, ka ga abin da za ta ce. Sannan ka sauka bene da kanka ka gayyato Duilio, kuma ka bar ƙasidar a aljihun tebur.

Ran taron, in an zo suyar nama, ka kori kowa daga kicin, ka turo ƙofa. Abin da ka sa ko ka bari, tsakaninka da kasko ne, kuma kai za ka sauke sharar da hannunka. Na san Settimio sai ya tambaya, da baki cike: ka sa, ko ba ka sa ba? Ka goge hannu, ka ja kumatunsa, ka ce, "Ɗana, ci gaba da karatu."

Allah ya ji ƙan Sora Iolanda, ya sa ƙwanka kada ya daskare a kasko, ya kuma bar ku tare a teburi ɗaya.

Sora Clelia