Reshen da Ke Jiran Muryar Inna

Zuwa ga Yaya Mamman,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zaman Agadas? Ya mai ɗakinka da yara? Mu nan Gazawa lafiya lau, ana ta roron wake.

Yaya, mushenmu na lakol, wato malaminmu na makaranta, ya ba mu aikin rubutu a kan "Mahaifiyata". Ya ce kada mu fara tukuna. Mu sa kalmar a tsakiya, duk abin da ya faɗo mana a rai mu ja masa reshe, ko da shirme ne, zaɓe sai daga baya.

Na tafi gona, na zauna gindin aduwar nan, na zana nawa a yashi. Na ja wa ƙanshin daddawa da ke zanen Inna reshe, na ja wa lallen tafinta. Na ga inuwarta jikin rumbu tana sheƙa, ƙaiƙayi na tashi kamar hayaƙi. Har na ji kamar in na waiwaya zan gan ta tafe da ƙwaryar fura.

Sai na ja wani reshe, na rubuta "murya". Na daɗe ina saurare, iska kawai nake ji cikin karan gero. Yaya, ba na tuna muryar Inna. Lokacin da ta rasu kai ka yi wayo. Baba kuwa in na tambaye shi, sai ya ɗauki buta ya fita.

Don Allah ka rubuto mini yadda take kirana. Ka sa mu a addu'a, ka gaida mutan gida. Na kewaye reshen da ƙaya saboda awaki, yana nan yana jiranka.

Ƙanwarka,
Rabi