Mai Askin Baba

Yaya,

Na tarar kana barci, ni kuma zan makara, shi ya sa na bar maka wannan.

Tsohon nan mai askin Baba ya zo ɗazu, wai gaisuwa kawai. Jakarsa har yanzu ƙamshin sabulun nan take, sai na ji kamar Baba zai leƙo daga ɗaki. Na zuba masa shayi. Wallahi Yaya, kafin kofin ya kai bakinsa rabi ya zube a rigarsa, hannunsa sai rawa yake. Ya ce tun da Baba ya rasu babu wanda ya sake zauna masa.

Ka tuna ranar aski? Baba ya fito da 'yar auduga manne a haɓa, ka ce, "Baba, yau ma kyanwar ce?" Ya yi ta dariya har da tari. Ashe ya daɗe da sani. Tsohon ya ce in reza ta yanke shi, Baba kan ce, "Yi haƙuri abokina, kaina ne ba ya zama wuri ɗaya." Na shige kicin na sha kuka.

Na ce masa kana son aski, ka yafe min. Zai dawo da la'asar. Na goge kujerar Baba, tana bakin taga. Don Allah ka zauna masa, kada ka kalli hannunsa. Suma ce, za ta sake fitowa.

Audugar tana nan inda Baba yake ajiye ta.

Ƙanwarka