Yadda Yaya Ni'imat Ta Shiga Binciken Kirci

Akhmim, 9 ga Janairu, 1997

Zuwa ga ƙanwata Sawsan,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, kuma sanyin Iskandariyya bai ƙarasa ramar da ke ba. Mijina Fathi yana gaishe ki daga bakin masaƙarsa. Ya ce in tambaye ki ko a jami'a an hana likitoci zuwa gida ne, don sallah biyu ke nan ba mu ga ƙeyarki ba.

Jikata Rihab ce ba lafiya. Kirci ya kama mata bayan gwiwa da lanƙwasar hannu, tana susa har jini. Shekararta uku, amma idan ta ga soso sai ta ɓuya a bayan buhun auduga. Uwarta Huda ta ƙi shafa mata maganin da likitan nan ya rubuta, wai maƙwabta sun ce yana cinye fata.

Takardar bayanin da kika aiko bara mun ɗauko ta. Ni na karanta, Huda ta karanta, muka ba Fathi. Ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Wannan da Larabci aka rubuta kuwa?" Shekara goma sha biyu kina binciken fata, Sawsan. Ki gaya mini abin da zan yi, da irin maganar da muke yi a tsakar gida.

Na ba direban motar Suhaj busasshen lalo da dabino ya kawo miki. Ki ci, kada ki rabar.

Yayarki,
Ni'imat

*

Iskandariyya, 20 ga Janairu

Yaya Ni'imat,

Wa alaikumus salam. Saƙo ya iso, na gode, Allah ya ƙara girma. Ki gaishe da Yaya Fathi, ki ce masa maganarsa ta yi mini zafi domin gaskiya ce.

Ga abin da za a yi wa Rihab. A daina soso gaba ɗaya. Ruwan wanka ya zama mai ɗumi kaɗan. Kada a goge ta da tawul, a daddanna kawai, a shafa mai tun jikin yana da danshi, safe da yamma. Maganin likita kuma a shafa shi a inda ya yi ja, gwargwadon tsawon gaɓar yatsa, na kwanakin da ya faɗa. A haka ba ya cinye fata. Kayan sawa na auduga zalla, wannan kam kuna da shi a gida.

Ni ma ina cikin damuwa. Waccan takardar ita ce ginshiƙin bincikena. Na raba wa iyalai ɗari da ashirin, talatin da ɗaya kawai suka dawo da yaransu. A watan Mayu kwamiti zai zauna. Idan ba ni da abin nunawa, babu ƙarin girma, kuma shugaban sashenmu, Farfesa Lutfi, ya ce ɗakin da nake duba yara zai koma ma'ajiyar kujeru.

Ki yi mini addu'a.

Ƙanwarki,
Sawsan

*

Akhmim, 16 ga Fabrairu

Sawsan ƙanwata,

Bayan gaisuwa, albishirinki. Rihab ta daina susa. Jiya ita ta kawo mini kwalbar man da kanta, ta miƙo ƙafa kamar matar gwamna.

Sai dai na ɗan gyara bayaninki. Huda ta tambaye ni, "Mama, ɗumi kaɗan ɗin nan yaya yake?" Na ce, "Irin ruwan da kike kwaɓa fulawar burodi da shi." Ta ce, "Man fa, nawa?" Na ce, "Yadda kike shafe tire kafin ki zuba ƙullin kek ɗin basbusa, kada ki bar lungu ko ɗaya." Nan take ta gane. Maganin kuma na matso shi a yatsana a gabanta, na shafa a kumatuna, na ce, "Ki duba gobe ki gani ko fuskata ta ƙare."

Matan unguwa suka ga Rihab, suka fara sallama. Na rubuta bayanin a takarda, Huda tana kwafa. Yanzu gida goma sha huɗu ke bi. Ina ce musu daga bakin likitar jami'a ya fito, ƙanwata ce, ni na goya ta.

Gida ɗaya ne abin ya ƙi, gidan Ummu Subhi mai sayar da cuku. 'Yarta tana ta shafa mai amma ƙaiƙayin ƙaruwa yake, har uwar da uban sun fara susa tsakanin yatsu. Na ce su ƙara man.

Yayarki,
Ni'imat

*

Iskandariyya, 24 ga Fabrairu

Yaya,

Gaisuwa. Ki dakatar da rabon takardar nan yau ɗin nan. Kirci ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Abin da ke gidan Ummu Subhi ƙazuwa ce, kuma mai ba ya kashe ta. Kin sa sunana a kan yaran da ban taɓa gani ba. Idan wani abu ya sami ɗaya daga cikinsu, me zan ce?

Zan hau jirgin ƙasan Alhamis. Ki tara mini su duka, har iyayensu.

Sawsan

*

Iskandariyya, 28 ga Mayu

Yayata Ni'imat,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Yaya Fathi da Huda da Rihab. Wata uku ban rubuto ba, ke ma ba ki rubuto ba, kuma na san dalili. Na yi miki faɗa a gaban mata a cikin gidanki. Maganar ƙazuwa ina nan a kan bakana, amma yadda na faɗe ta bai dace ba. Ki yafe mini.

Akwai abin da ban gaya miki ba a ranar saboda girman kai. Na ce ki tara gida goma sha huɗu, na tarar da yara arba'in da uku a zaune tsakanin masaƙu. Duk uwar da na tambaya yadda take yi, sai ta karanto mini bayanin nan daki-daki, ba tuntuɓe. A shekara uku ban samu uwa biyar da suka iya haka a asibiti ba. A jirgi na yi ta tunanin wannan har muka wuce garin Asyut.

Da na dawo na sake buga takardar da kalmominki, na ƙara layi ɗaya: idan mutanen gida ma suna susa, a zo wurin likita. Farfesa Lutfi ya karanta, ya sauke tabarau, ya ce, "Dakta Sawsan, wannan bincike ne ko littafin girki?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba rabin iyaye tsohuwar, rabi sabuwar, mu ga wadda za ta yi aiki." Ya mayar da tabaransa, ya ce, "Matata ma haka take shafe tire."

Kwamiti ya zauna. Ban samu ƙarin girman ba, amma sun bar mini ɗakin har Nuwamba.

Ƙanwarki mai neman afuwa,
Sawsan

*

Akhmim, 10 ga Yuni

Sawsan,

Wa alaikumus salam. Na yi fushi na sati biyu, sauran kwanakin jira nake ki fara rubutowa. Komai ya wuce. Gidan Ummu Subhi sun warke sarai da maganin da kika rubuta, ta aiko miki da cuku, Fathi ya cinye rabi.

Yanzu duk wadda ta zo, sai na tura ta wurin likitan garinmu ya gani tukuna, sannan in koya mata wanka. Ki riƙe ɗakinki da kyau.

Yayarki,
Ni'imat

*

Iskandariyya, 30 ga Nuwamba

Yaya Ni'imat,

Gaisuwa mai yawa. Iyalai sittin suka karɓi takardarki, hamsin da biyu suka dawo, kuma yaransu sun fi na masu tsohuwar takardar samun sauƙi nesa ba kusa ba. Daga jiya ƙanwarki mataimakiyar farfesa ce, ɗakin kuma an ƙara mini da na kusa da shi.

Za a buga binciken da suna uku: nawa, na Farfesa Lutfi, da naki. Shi ya fara kawo shawarar. Ya kuma ce ki zo taron likitocin fata a watan Janairu, ki yi musu magana ta minti biyar. Kada ki ce a'a.

Taki,
Sawsan

*

Akhmim, 8 ga Disamba

Farfesa ƙanwata,

Barka, barka. Na karanta wa Fathi wasiƙarki sau biyu, ya fita waje wai hayaƙi ne ya shiga masa ido.

Zan zo. Amma ki gaya wa likitocin nan su ci abinci su ƙoshi kafin su zauna. Tunda nake ban taɓa gama magana a minti biyar ba.

Sai mun haɗu a tasha.

Yayarki,
Ni'imat