Dodon Gwaggo Rakiya

Litinin, 13 ga Mayu, 1991
Yau ma gari a mace, yajin gama-garin nan da ake kira vil mot. Ba lekol, yara duk suna gida, ba kasuwa, an ƙona taya a mararrabar New Bell. Mijina Bakari ya maƙale a Bonabéri, ƙetaren kogi, an tare gada. 'Yata Mardiya ta ƙi cin abinci. Na yi mata tatsuniyar yarinya da dodon rafi, amma na gyara: dodo ya tuba, ya raka ta gida. Shekararta shida, me za ta yi da jini?

Laraba, 15 ga Mayu
Ashe ta je ɗakin Gwaggo Rakiya, ƙanwar baban Bakari. Ta dawo tana ce mini, "Mama, ba haka take ba. Haɗiye ta ya yi." Ni, maitresse, mai shekara tara ina koyarwa a makaranta, ake gyara wa labari.

Alhamis, 16 ga Mayu
Na ɗauko littafin Faransanci mai hotuna, har da canza murya. Ta yi hamma. Tana jin tarin Gwaggo ta zame daga cinyata.

Asabar, 18 ga Mayu
An buɗe gari, Bakari ya dawo. Na kai ƙara. Dariya ya yi, wai shi ma da wannan dodon ya girma. Na samu Gwaggo da kaina, na ce yarinyar da ke jin harbi kullum ba ta bukatar ƙarin tsoro. Ko ɗago kai ba ta yi daga gyaran wake ba. "Hawa'u, tsoron yana nan tun kafin ni. Naki dodon da ya tuba, ta san ƙarya ce." Na ce to. Raina ya ɓaci har la'asar.

Talata, 21 ga Mayu
Tsohuwar da ko sunanta ba ta iya rubutawa. Astagfirullah. Amma na riga na rubuta.

Litinin, 27 ga Mayu
Jandarmomi sun shigo layinmu da hantsi, hayaƙi mai sa hawaye har tsakar gida. Na ja Mardiya ƙarƙashin gado, na rungume ta. Sai na ji tana rera wata waƙa a hankali, wai wadda yarinyar ta yi a cikin dodo kafin ta farka cikinsa da askarta ta fito. "Kar ki ji tsoro, Mama, ana fitowa." Ban san waƙar ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Juma'a, 7 ga Yuni
Har yanzu ina ganin haɗiyar ta yi yawa ga yaro. Na kai wa Gwaggo miyar ndole ta ganyen shuwaka, wai ta ɗanɗana gishiri. Na daɗe a can. Baiti na biyu na waƙar ne yake ba ni wahala, ta ce in dawo gobe.