Agogon Barci a Kogin Mississippi

Memphis, 3 ga Maris

Yaya Lucius,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka na jirgi. Na san waya ba ta kamawa a kogi, shi ya sa na rubuto.

Yaya, hankalina a tashe yake. Shirin nan da ke ɗaukar nauyin horar da mu binciken barci, wanda aka buɗe don baƙaƙe da sauran waɗanda ba su da yawa a fagen, an dakatar da kuɗinsa. Ranar Litinin malamarmu, Dakta Quintanilla, ta tara mu shida ta karanta mana takardar. Wata gidauniya ta ce za ta riƙe mutum biyu kacal, waɗanda suka nuna aiki mai ma'ana kafin ƙarshen Mayu.

Bincikena kan ma'aikatan kogi ne, masu aiki awa shida, hutu awa shida. Ina buƙatar mutum ashirin su ɗaura agogon da ke auna barci da numfashi na sati biyu. Huɗu na samu. Don Allah ka yi wa mutanenka magana.

Ni mai binciken barci, ga shi barcin ya gagare ni.

Ƙanwarka,
Renita

Vicksburg, 14 ga Maris

Dakta Gyangyaɗi,

Ina amsawa, muna lafiya. Na karanta musu wasiƙarki a wajen cin abinci. Tsoho Thibodeaux, mai kula da inji, ya ajiye cokali ya ce, "Agogon munafuki ke nan! Ya kwana a hannuna, da safe ya kai ƙarata ofis?" Kowa ya kwashe da dariya, amma da gaske yake. Kin san idan kamfani ya ji mutum na da matsalar barci, lasisinsa na iya tafiya. Miss Odessa, kukunmu, ita kaɗai ta ce a kawo mata, wai dama tana son a tabbatar wa duniya ba ta minshari.

Ni ma ba zan ɗaura ba. Kada ki tambaye ni dalili.

In abin ya ƙi, ki dawo Greenville. Asibitin gari na neman ma'aikata, kuma Mama za ta yi murna. Ba kowace ƙofa ce aka yi don mu ba, ƙanwata.

Yayanki,
Lucius

Memphis, 25 ga Maris

Yaya,

Bayan gaisuwa. Ba sunan kowa da zai fita. Lamba ake ba mutum, kamfani ba ya ganin komai, na rantse.

Ka ce in dawo gida. Ka manta Baba? Shekara ashirin yana shaƙewa cikin barci muna masa dariya, har hawan jini ya kayar da shi. Ba likitan da ya taɓa tambayarsa yadda yake kwana. A taron masana da na je bara, cikin mutum ɗari uku, masu kama da ni ba mu kai goma ba. In na tafi, wa zai tuna da irin su Baba?

Sannan na yi waya da Mama. Ta ce a watan jiya barci ya ɗauke ka a danja, da 'yarka Imani a bayan mota, sai da yarinyar ta girgiza ka. Shekararta bakwai, Yaya. Kai kuma kana tuƙa jirgin da ke tura kaya masu nauyin gari guda a ƙarƙashin gadoji. Ka ce kada in tambaya. To na tambaya.

Renita

Baton Rouge, 6 ga Afrilu

Renita,

Ina gaishe ki. Sau uku na fara wasiƙar nan ina yagawa.

A Janairu, da rana tsaka, ina riƙe da tuƙi muna tunkarar wata gada. Abin da na tuna shi ne na ga gadar can nesa, sai kuma na ji Miss Odessa na dukan kafaɗata da tiren kofi tana ihu, "Lucius! Lucius!" Na buɗe ido ƙafar gadar ta cika gilashin gaban jirgi. Na karkatar da jirgin da ƙyar. Mutum tara ne a ciki. Ba ta faɗa wa kowa ba, ni ma haka. Tun ranar, duk sanda na zauna a kujerar nan sai in tuna gadar.

Jiya ana cin wake da shinkafa na miƙe na ba su labarin. Sai Thibodeaux ya ce, "Yaro, ni sau biyu na farka goshina a jikin inji." Sai kowa ya fara fito da nasa. Mu bakwai mun yarda, kuma Thibodeaux ya yi wa mutanen wani jirgi magana, sun ba da takwas. Ki aiko agogunan gidan Mama.

Alfarma ɗaya: in nawa ya yi muni, ke nake so ki gaya mini.

Lucius

Memphis, 27 ga Mayu

Yaya,

Gaisuwa da godiya. Na tsaya gaban mutanen gidauniya ranar Talata da sakamakon mutum goma sha tara. Wani dattijo ya tambaye ni yadda na shawo kan ma'aikatan kogi, na ce ba ni ba ce. Sun ce za mu ji cikin Yuni. Duk sanda waya ta yi ƙara sai in yi sauri in duba. Mu shida mun daina haɗa ido a ofis.

Yanzu naka. Dakta Quintanilla ta duba da izininka. Numfashinka na tsayawa fiye da sau arba'in a kowace awa. Ana maganinsa, da na'urar da ake sawa a hanci, kuma masu amfani da ita da yawa na komawa aiki. Amma ban isa in yi maka alkawarin lasisinka ba. Na kama maka layin gwaji a asibiti nan Memphis ranar 5 ga Yuni.

Ina roƙonka, kada ka sake riƙe tuƙi kafin nan.

Ƙanwarka,
Renita

Greenville, 2 ga Yuni

Ƙanwata,

Na gaya wa kyaftin komai. Ya ce in sauka daga jirgi, bai ce in dawo ba, bai ce kada in dawo ba.

Bas zan hau, ba zan tuƙa ba. Ina isowa Laraba da yamma. Ki shimfiɗa mini a falo, mu yi jiran wayoyinmu tare, taki daga gidauniya, tawa daga kyaftin.

Yayanki,
Lucius